Shekara guda ina auna zafi a gungunmu

Gardama ce ta jawo mini wannan aiki, kuma da azumi a baki aka yi ta. A Ramadan ɗin 2024 na tsallaka daga Yelwa zuwa gungunmu don in yi kwana biyu wurin su Inna. Ga wanda bai san ƙasar Yawuri ba, gungu shi ne tsibiri, daga nan ma sunan Gungawa ya samo asali. Bayan la'asar muna zube a gindin tsamiya, kowa ya jiƙa rigarsa ya mayar, ba mai ƙarfin doguwar magana, sai Kawu ya ce shi dai tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin zafi irin na bana ba. Ni kuwa da yake labarin ƙasa nake koyarwa a sakandare, karambani ya ɗebe ni na ce, "Kawu, ai bara ma haka kuka ce." Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "To ɗan boko, tunda kai ka sani, auna ka gaya muna."

Ba a yi sati ba na ji a rediyo cewa a garin Kayes na ƙasar Mali zafi ya kai digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu, kuma asibitocin Bamako sun cika da tsofaffi. Jikina ya yi sanyi. A lokacin ina ƙarin karatu na ƙarshen mako, an ce kowa ya kawo batun da zai yi bincike a kai, sai na ɗauki maganar Kawu ɗungurungum na kai wa malamin da ke duba aikina.

Malam ya bari na gama zuba, sannan ya ce, "Gungun naku yana da rajistar zafi ta shekara 30?" Na ce ko ta kwana 30 babu. Ya ce to in sani zafin rana ɗaya ba sauyin yanayi ba ne, na shekara ɗaya ma haka. Masana ba sa cewa ga yadda yanayin wuri yake sai sun tara awon shekara 30 sun fitar da matsakaicinsa, kuma a yanzu shekarun 1991 zuwa 2020 ne Hukumar Yanayi ta Duniya ta ɗauka a matsayin mudun gwaji. Sa'ar da na yi ita ce Yelwa na da tsohuwar tashar awon yanayi a ƙarƙashin hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet. Sai ya raba mini aikin biyu. In ɗauki tsofaffin alƙaluman Yelwa in ga inda suka dosa, sannan in auna gungu da kaina tsawon shekara guda don a ga yadda ya bambanta da tudu.

Ma'aunin daga Sakkwato aka sayo mini. Gilashi ne lanƙwasasshe mai ƙafa biyu da zaiba a ciki, kowace ƙafa da ɗan tsinken ƙarfe. In rana ta yi zafi zaibar ta tura tsinken dama sama ta bar shi can, in dare ya yi sanyi ta tura na hagu. Saboda haka ko ba ka nan ya riƙe maka ƙololuwar zafin yini da ƙarshen sanyin dare, in ka karanta sai ka sa mayen ƙarfe ka jawo tsinkayen su koma kan zaiba. Da murnata na buga ƙusa a bangon zauren Kawu na rataye shi. Sati guda ina rubuta lambobi masu tayar da hankali, har da wanda ya haura 45, ina cewa lallai Kawu ya yi gaskiya. Da na nuna wa Malam ya tambayi rufin zauren, na ce kwano ne. Dariya ya yi har da hawaye. Ya ce, "Malam, kai zafin kwano ka auno mana, ba na iska ba."

Ashe abin yana da ƙa'ida. Dole ma'auni ya zauna cikin akwatin katako mai fenti fari, bangonsa tsaga-tsaga yadda iska za ta ratsa amma rana ba za ta leƙa ba, a ɗaga shi tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa, a fili, nesa da gini da inuwar itace. Na zana wa wani kafinta a Yelwa, ya juya takardar ya ce in dai kejin tantabara nake so in fito fili in faɗa. A wurin ƙofa ma sai da na koma. Littafin da na duba ya ce ƙofa ta kalli arewa don kada rana ta faɗa kan gilashi lokacin karatu, amma littafin don mutanen Turai aka rubuta shi. Mu nan daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ta arewa da mu take bi. Ƙofa biyu aka yi masa, ta kudu da ta arewa, kafinta ya ƙara kuɗi.

Ranar kasuwa muka ɗora shi a kwalekwale tsakanin buhunan gishiri da jarkokin fetur. Kafin mu kai gaɓa labari ya riga mu. Wasu sun ce na'urar ƙirga kifi ce don a sa haraji, wasu sun ce ta ƙirga mutane ce. Na so in yi dariya, amma da muka je gaban mai gari na gane abin ba na dariya ba ne. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, izini nake nema in kafa abin awon zafi a filin bayan makaranta." Wani dattijo da ke gefensa ya ce, "Yaro, waɗanda sunka zo da abin awo na ƙarshe, turaku sunka kakkafa, bayan nan ruwa ya ci garinmu." Madatsar Kainji yake nufi, wadda aka kammala a 1968. Tafkin da ta tara ya haura kilomita 130 a tsawo, ya tashi mutum sama da 40,000 daga gidajensu, ya shanye gungu da dama, har da mafi yawan Foge. Mutumin da ya ga wannan da idonsa, ba za ka zo masa da farin akwati mai ƙafa huɗu ka ce ya kwantar da hankali ba. Sai da Kawu ya tsaya mini, ya ce shi ya sa ni, kuma in wani abu ya biyo baya a kama shi.

A farkon Mayu muka fara. Ni ina Yelwa ranakun aiki, don haka na damƙa wa ƙanena littafi da biro da mayen ƙarfe, na ce kullum ƙarfe 9 na safe ya buɗe ya rubuta lamba biyu, ya jawo tsinkaye, ya rufe. Na yi masa alƙawarin kuɗin kati duk wata. Wata uku abu na tafiya lafiya lau.

Cikin Agusta aka yi wata Talata da aka wuni ana ruwa tun asuba har magariba, ko ƙyallin rana ba a gani ba, ni kaina da rigar sanyi na shiga aji. Da na zo gungu ranar Asabar na buɗe littafi, sai na ga an rubuta wa wannan rana zafi daidai da na ranakun da aka yi rana tarwai. Na ƙara dubawa. Layi tara a jere, biro ɗaya, hannu ɗaya, ko ɗigon ruwa ko shafar yatsa babu a shafin, alhali sauran shafukan duk sun yi duƙun-duƙun da ƙarnin kifi. Na kira shi na ce, "Ranar Talata ina kake?" Ya sunkuyar da kai. Ashe ya bi masu taru zuwa ƙasan tafki kwana tara, da ya dawo ya zauna ya cike gurbin daga kansa don kada in ji haushi. Ya ce, "Yaya, ai duk kusan ɗaya ne." Wallahi na rasa abin da zan ce masa, don da bai haɗa da ranar ruwan nan ba da har yau ban gane ba. Malam ya ce in ja layi a kan kwana taran in rubuta babu awo. Gurbi ana iya aiki da shi, in ji shi, amma lambar ƙarya in ta shige cikin 'yan'uwanta ba mai iya tsamo ta.

'Yar yayana ce ta karɓi aikin, yarinya 'yar shekara 13. Ban zaɓe ta ba, ita ta ce, "Baffa, ni a ba ni." Sai ta taka turmi take kai idonta daidai da zaiba, don na gaya mata in ta kalla daga ƙasa lamba za ta yi mata ƙarya. Ita ce ta ƙaro abin da ban sa ba, wato a gefen kowace lamba sai ta rubuta "hadari", "hazo", "iska daga ruwa". Daga baya wannan gefen shafin ya fi lambobin yi mini amfani.

A Satumba farin ruwa ya zo. Kwara a wajenmu sau biyu take cika. Farin ruwa shi ne na daminarmu, mai laka, yana zuwa da gaggawa. Baƙin ruwa kuwa ruwan saman da aka yi ne a tsaunukan Gini, ya bi ta fadamun Mali ya yi watanni yana tacewa, sai cikin ɗari ya iso mana garau. A wannan shekarar farin ruwan ya hau filin bayan makaranta har ya taɓa ƙafafun akwatin, dole muka tuge shi da dare da tocila muka mayar kan tudu kusa da maƙabarta. Na ɗauka an gama, sai Malam ya ce in rubuta ranar da aka matsar da shi da jan biro, domin sabon wurin yashi ne, tsohon kuwa ciyawa, kuma zafinsu ba zai zo ɗaya ba. A nan na fara jin nauyin masu riƙe rajistar shekara 50 ko 100. Tasha tana iya kasancewa a bayan gari lokacin da aka kafa ta, gari ya zo ya kewaye ta da siminti da kwalta, a canza ma'auni, a canza mai karatu, kuma duk sai an tace waɗannan kafin a ce duniya ce ta ƙara zafi.

Abin da akwatin ya nuna game da gungu bai ba masunta mamaki ba, ni ya ba. Da rana, musamman in iska ta taso daga ruwa, mun fi Yelwa sauƙi kaɗan. Da dare kuwa mu ne a baya wajen hucewa. Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, in ya ɗauka kuma ba ya saurin saki, shi ya sa da asubar hunturu za ka ga tururi na tashi a kan kogi, ka sa ƙafa ka ji shi da ɗumi. Ga kuma laima a iska, wadda ke hana gumi bushewa. Zafin yini ma ba da tsakar rana yake kai maƙura ba, sai tsakanin azahar da la'asar.

Ɓangaren da na fi jin daɗi shi ne zama da tsofaffi, kuma shi ne ya fi rikita ni. Ba wanda ya yi mini maganar digiri. Inna ta ce da can in ɗari ya kama, man kaɗe a kwalba sai an kai shi bakin murhu kafin ya zubo, kuma wata biyu cur da kaskon garwashi ake kwana a ɗaki, yanzu kuwa dararen da ake neman kasko ba su da yawa. Wani masunci Basarke ya ce in ya bar raga ta kwana a ruwa da bazara, kafin hantsi karfasar da ta mutu a ciki ta yi laushi, sai dai a yi banda da ita a sayar da araha. Masu albasa suka ce tana saurin ruɓewa a rudu. Abin da ya ja hankalina shi ne kusan dukkansu dare suke kuka da shi, ba rana ba. Rana dama an san ta da zafi. Daren da ake sa ran a huta ne ya daina sanyi.

Sai dai akwai wani abu. Dattijon nan na fadar mai gari, da ya saki jiki da ni, ya kwatanta mini tsohon gungunsu: manyan itatuwa har bakin ruwa, ɗakunan laka masu jinka, kogi mai gudu. Yau itatuwan sun tafi wajen banda da girki, jinka ta koma kwano, kogin ya zama tafki. Na ari ƙaramin ma'auni daga ɗakin kimiyya na makarantarmu, na gwada ɗakin jinkar wata tsohuwa da ɗakin kwanon Kawu da yamma ɗaya. Tazarar da ke tsakaninsu a jikin gilashi ta kai faɗin yatsa biyu. Ke nan in tsoho ya ce da ba haka zafi yake ba, gaskiya ya faɗa, amma abu uku ne suka cakuɗe a cikin maganarsa: madatsa, kwano da sare itace, sannan ɗumamar duniya. A ganina masu zuwa ƙauye da takardar tambayoyi su ce "kun lura da sauyin yanayi?" a ce musu e, su koma su rubuta, ba su yi aikin komai ba.

Tsofaffin alƙaluman Yelwa Malam ne ya ba ni kwafinsu daga wani aiki da ya taɓa dubawa. Na wata-wata ne, zafin rana da sanyin dare, shekara 30, wato lamba 720. Na yi sati uku ina shigar da su manhajar lissafi ta Excel da dare a kwamfutar aro, in wuta ta ɗauke in koma fitilar waya. Sau ɗaya na buga 83 a maimakon 38, zanen ya yi wani tsalle kamar an soka mashi. Da na gyara na zana layin shekara-shekara, sai gwiwata ta yi sanyi: haƙoran zarto kawai nake gani, bana sama, baɗi ƙasa. Na ce wa Malam babu komai a ciki. Ya ce in daina kallon shekara ɗaya-ɗaya, in tara su goma-goma in fitar da matsakaicin kowane kashi. Da na yi haka sai ga matakala ta fito, kowane goma ya ɗara na bayansa. Hawan ba mai yawa ba ne, amma bai koma baya ba, kuma a layin dare ya fi fitowa sarai. Na daɗe ina kallon allon ina tuna kaskon Inna.

Wajen karance-karancen da aka wajabta mini na ga cewa wani babban zaren labarin ɗumamar duniya ma a kan tsibiri aka kama shi. A 1958 wani masani Ba'amurke, Charles Keeling, ya fara auna iskar kabon a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawai, don wurin ya yi nesa da hayaƙin birane. Lokacin tana wajen kashi 315 cikin miliyan, yau ta haura 420, kuma ƙona fetur da gawayin ƙasa da gas ne babban dalili. Iskar nan ita ke tare zafin da ƙasa ke mayarwa sama, kamar bargo. Shekarun 2011 zuwa 2020 sun fi na 1850 zuwa 1900 zafi da kusan digiri 1.1, sannan 2024, shekarar gardamarmu da Kawu, ta zo ta zama mafi zafi da aka taɓa aunawa, da kusan 1.55. Yarjejeniyar Paris ta 2015 kan sauyin yanayi kuwa a 1.5 ta so a tsaya.

Amma duk tsibiran da ke cikin littattafan na teku ne. Maldibs, wadda mafi yawan ƙasarta ba ta kai mita ɗaya a saman ruwa ba. Tubalu, wadda ministan harkokin wajenta na lokacin, Simon Kofe, ya tsaya cikin ruwa har gwiwa da kwat ɗinsa ya yi wa taron duniya kan sauyin yanayi na Gilasgo jawabi a 2021. Su tsoronsu teku ne, wanda ya ƙaru da kusan santimita 20 daga 1901 zuwa 2018. Mu teku bai san da zamanmu ba. Ruwanmu yana hannun damina, da ruwan Gini da Mali, da masu buɗe ƙofar madatsa. Inda abin ya same mu shi ne duk digiri ɗaya da iska ta ƙara, tana iya ɗaukar ƙarin laima kusan kashi 7 cikin 100, in ta tashi saki kuma ta sake shi a lokaci guda. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2020 ta kwashe shinkafar Kebbi ya san me ake nufi. Ruwa mai ɗumi kuma iskar shaƙar da ke cikinsa ba ta kai ta mai sanyi ba, kifi na jin wannan kafin mu ji. Ko shafi ɗaya ban samu a kan gungun kogi irin namu ba, sai na rubuta nawa babin da abin da ke hannuna.

A ƙarshen Afrilun 2025 shekara ta cika. Kafin in kai wa Malam, Kawu na fara kai wa, tunda shi ya aike ni. Na shimfiɗa takardar a tabarma na nuna masa matakalar, na ce ya yi gaskiya, amma kwanon ɗakinsa ma yana da laifi. Ya ce a bar maganar kwano, nawa duniyar ta ƙaru? Na ce digiri ɗaya da 'yan kai. Ya ce, "Ɗaya tak? A kan ɗaya kaka ta wahal da yarinya tana hawan turmi?" Na fara kame-kamen bayani, sai Basarken nan da ke gyaran raga a gefe ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Alhaji, in an yi wa jirgi lodi har ya rage yatsa huɗu ruwa ya shiga, ka ƙara buhu guda ya koma yatsa uku. Igiyar ruwan da kuka saba wucewa lafiya, ita za ta cika shi." Kawu ya yi shiru, can ya ce to wannan ya ji. Da wannan misalin na kare aikina a gaban malamai, na kuma faɗi wanda ya ba ni shi.

Na zo da niyyar kwance akwatin in kai makarantarmu yara su riƙa gani. 'Yar yayana ta ce ba inda za shi. Ta riga ta sayi sabon littafi da kuɗin ƙuli-ƙulinta, ta ja layukan da kanta, har ta lissafa cewa ranar da rajistar za ta cika shekara 30 tana da 43. Abin da ta nema a wurina fenti ne, don farin ya fara komawa ruwan ƙasa, sai kuma maganin rinar da ta yi gida a kusurwar rufin. Ranar da na kawo fentin na tarar da ita a kan turmi, Kawu na tsaye a bayanta da carbi a hannu ya dawo daga gaisuwar mai gari, yana cewa, "Ke, nawa ya kwana yau?"